Mawaƙin da ya sayi kayansa da kuɗinsa

  Yau mun huta da zancen canjin sefa da sidi, mun huta da na 'yan kwastan. Labarin wani mawaƙin Amurka na kawo muku, kuma na san tun ban fara ba wani zai ce, Alhaji, me ya haɗa mu da makaɗan Turawa? Ku yi haƙuri ku bi ni zuwa ƙarshe. Abin da ya sami mutumin nan yana samun mutanenmu a Kumasi da Kwatano da Duwala kowace shekara. Shi dai nasa ya shiga jarida da kotu, namu kuwa a zaure yake ƙarewa, ko a gaban sarkin Zango.

A watan Janairun 2023, wani dattijo mai suna John Fogerty, yana da shekara 77, ya sanar cewa ya sayi kaso mafi tsoka na haƙƙin mallakar waƙoƙin wata tsohuwar ƙungiyar makaɗa, Creedence Clearwater Revival. Waƙoƙin nan kuwa shi ya rubuta su da hannunsa, shi ya rera su da bakinsa, sama da shekara hamsin kafin wannan rana. Wato mutum ya zaro kuɗi daga aljihunsa ya sayi kayan da shi ya ƙera. To, yaya aka yi haka ta faru?

An haifi John a 1945 a jihar Kalifoniya, ya tashi a wani ƙaramin gari, El Cerrito, kusa da San Faransisko. A 1959, suna 'yan makaranta, shi da abokansa biyu, Stu Cook da Doug Clifford, suka fara kiɗa tare. Daga baya yayansa Tom, wanda ya girme shi da shekara uku da rabi, ya shigo cikinsu. Da farko Tom ne mai waƙar, sunansa ne ma a gaban sunan ƙungiyar, John yana baya riƙe da jita. Ku riƙe wannan a ranku, za mu dawo kansa.

Irin kiɗan da suke yi shi ne Turawa ke kira rok: jita mai aiki da lantarki, da ganguna, da mawaƙi mai buɗaɗɗiyar murya. Sun yi shekaru suna fama ba wanda ya san da su. A 1964 wani kamfanin faifai mai suna Fantasy ya ɗauke su, har ya sauya musu suna ba tare da shawararsu ba, amma kasuwa ba ta buɗe ba. John har aikin ɗaurin kaya ya yi a siton kamfanin, yana shirya kwalayen faifan wasu ana aikawa. A 1967 wani ma'aikacin kamfanin, Saul Zaentz, ya haɗa kai da masu jari suka saye shi. Ya kira yaran ya ce su zaɓi sabon suna, zai fitar musu da faifai. A farkon 1968 suka sa hannu a sabuwar yarjejeniya. John yana da shekara 22 a lokacin. Yaro ne da bai taɓa riƙe kuɗin kirki ba, ga wanda yake kallo kamar ubangida ya miƙo masa takarda da biro. Duk wanda ya taɓa zama yaron shago ya san ba a tsayawa karanta takarda a irin wannan rana.

Bari in ɗan yi bayanin yadda kuɗin waƙa yake, da yaren da muka sani. Ku ɗauki atamfa. Akwai zanen da aka fitar, akwai kuma turamen da aka buga da zanen. Mai turmi in ya sayar ya ci ribarsa, shi ke nan. Mai zane kuwa duk ranar da aka sake buga zanensa, ko a wace masaƙa ce, sai an biya shi. Haka waƙa take. Kalmominta da karinta su ne zanen, faifan da aka naɗa shi ne turmin. Wanda ya mallaki zanen, shi ake biya in an sa waƙar a rediyo, ko a fim, ko a talla, ko wani mawaƙi ya sake rera ta, kuma shi ke da ikon cewa e ko a'a. Takardar da yaran nan suka sa wa hannu ta ba kamfani zanen, ta ba shi turamen, ta bar musu ɗan kaso a kan kowane faifai da aka sayar, sannan ta ɗora musu bashin waƙoƙi masu yawa da dole su kawo.

Sai kuma Allah ya buɗe kasuwa. A 1969 kaɗai suka fitar da manyan faifai uku, suka kuma yi wasa a shahararren taron kiɗa na Woodstock. Tsakanin 1968 da 1972 manyan faifai bakwai suka yi. Waƙoƙinsu biyar sun kai matsayi na biyu a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka. Wanda ya yi zamanin kaset wataƙila ya taɓa jin “Proud Mary” da muryar Tina Turner. To, John Fogerty ne ya rubuta ta. Kuɗi ya yi ta shiga kamfanin Fantasy, har Zaentz ya koma shirya finafinai, uku daga cikinsu suka ci babbar kyautar Oscar ta fim ɗin da ya fi kowanne a shekara. Ɗan abin da makaɗan suka samu kuma aka zuba musu shi a wani banki a tsibiran Bahamas da sunan rage haraji, bankin ya rushe da mafi yawan kuɗin a ciki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Amma fa kada mu ɗora wa kamfani laifin komai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon nan daga ciki ya fara tsagewa. John shi ke rubuta waƙa, shi ke rerawa, shi ke tsara kiɗa, shi ke kula da naɗar faifai, shi ne kuma manaja mai magana da kamfani. Wurin da suke gwajin kiɗa har laƙabin masana'anta suka sa masa, saboda yadda yake sa su aiki kusan kullum. Ba wanda ya musa cewa ya fi su iyawa. Amma sauran ukun sun fara abin nan tare da shi tun ba kowa, kuma ɗaya daga cikinsu yayansa ne, wanda a da shi ke gaba. Suka nemi a riƙa jin ta bakinsu, a bar su su ma su rubuta, su rera. A farkon 1971 Tom ya fita. A 1972 aka fitar da faifan da Stu da Doug suka rubuta kuma suka rera nasu waƙoƙin a ciki, masu sharhi suka yi masa kaca-kaca. Su suna cewa John ne ya tilasta musu da gangan don ya kunyata su, shi yana cewa abin da suka daɗe suna nema ne ya ba su. A watan Oktoban 1972 ƙungiya ta watse.

Daga nan John ya koma cin gashin kansa. Faifansa na farko, a 1973, shi kaɗai ya kaɗa duk kayan kiɗan da ke ciki, shi ya yi waƙa, shi ya yi amshi. Ka ji mutumin da ya gaji da abokan tarayya. Sai dai fita daga ƙungiya bai fitar da shi daga takarda ba. Kamfani ya ce har yanzu yana binsa faifai takwas. Wani mai kamfanin faifai, David Geffen, ya biya kimanin dala miliyan ɗaya ya karɓo shi. A 1975 ya fitar da faifai na biyu, bai yi wata kasuwa ba. Na uku, a 1976, ba a ma fitar da shi ba, daga baya shi da kansa ya nemi a lalata naɗin. A 1980, don ya yanke sauran igiyar da ta ɗaure shi da Fantasy, ya sallama musu har ɗan kason da yake samu a kan tsofaffin faifan ƙungiyar. Kusan shekara goma ba a ji sabuwar waƙa daga bakinsa ba. Tsofaffin kuma ya ƙi rera su a gaban jama'a, domin duk rerawa ɗaya kamar yana yi wa wanda yake ganin ya cuce shi talla ne.

A 1985 ya dawo da faifai mai suna Centerfield, wanda ya hau matsayi na ɗaya a Amurka. Mutum yana dab da shekara arba'in, an ɗauka ya ƙare, sai ga shi a sama. A cikin faifan ya saka waƙar habaici ga Zaentz, aka kai shi ƙara kan ɓata suna, dole ya sauya sunan da ya kama a waƙar. Amma babbar ƙarar ita ce ta biyu. Fantasy ta ce sabuwar waƙarsa “The Old Man Down the Road” satar fasaha ce daga wata waƙa ta 1970, “Run Through the Jungle”. Wa ya rubuta ta 1970 ɗin? Shi John ɗin. Amma tun da ta zama mallakar kamfani, sai aka tuhume shi da satar kayan kansa. A 1988, a kotu a San Faransisko, ya ɗauki jitarsa ya hau wurin ba da shaida, ya kaɗa wa masu taya alƙali yanke hukunci waƙoƙin biyu, ya nuna musu cewa kamannin da ake ji hannunsa ne da salonsa, waƙoƙin kuwa daban suke. Suka ba shi gaskiya. Sai dai shari'ar ta ci masa sama da dala miliyan ɗaya a kuɗin lauyoyi, kuma sai da ya kai har Kotun Ƙolin Amurka, inda a 1994 alƙalai gaba ɗayansu suka goyi bayansa, kafin hanya ta buɗe a biya shi abin da ya kashe.

In kuna ganin wannan abin Turawa ne kawai, to ku saurara. Na san wani bawan Allah, ba zan kama suna ba, da ya yi shekaru yana odar takalma daga ƙasar Sin da tambarin da shi ya ƙirƙira, sunan 'yarsa ma ya sa. Ashe wakilin da ke yi masa lodi ya je ya yi rajistar tambarin da nasa sunan. Ranar da suka ɓata, aka tsare masa kwantena a tashar jirgin ruwa wai kayan jabu ne. Jabun tambarin da shi ya zana a bayan kwali! Hukuma ba ta tambayar wa ya sha wahala, sunan da ke kan takarda take dubawa.

Mu koma kan John. Abin da ya sa ya fara sassautowa kan tsofaffin waƙoƙinsa, a 1987 ne, a wani gidan kiɗa a Kalifoniya, mawaƙi Bob Dylan ya zolaye shi cewa in ya ci gaba da ƙin rera “Proud Mary”, duniya za ta ɗauka ta Tina Turner ce. A daren ya rera ta. A watan Yulin shekarar ya rera wasu daga cikinsu a taron karrama tsofaffin sojojin yaƙin Biyetnam. Ya fara gane cewa fushin da yake yi da kasuwa, shi yake hana wa kansa abinci.

Wurin da bai sassauto da wuri ba shi ne wurin ɗan'uwansa. A duk tsawon rigimar nan Tom ya ci gaba da hulɗa da Zaentz, kuma John ya ɗauki wannan a matsayin cin amana. 'Yan'uwa ciki ɗaya, suka yi shekaru ba sa ga-maciji. Tom ya kamu da cutar ƙanjamau ta hanyar ƙarin jini da aka yi masa lokacin tiyatar baya, ya rasu a watan Satumban 1990 yana da shekara 48. Ba su gama shiryawa ba. A 1993 aka karrama ƙungiyar a zauren tunawa da gwanayen kiɗan rok. Matar Tom ta zo wurin da tokar gawarsa, domin a can wasu ƙona gawa suke yi, tana fatan ko sau ɗaya a sake haɗuwa. John ya ƙi hawa dandali da Stu da Doug, ya yi wasa da wasu makaɗa daban, abokan ƙuruciyarsa suka tashi suka bar wurin. Bayan shekara biyu su biyun suka kafa tasu ƙungiya da suna mai kama da tsohon, aka sake komawa kotu kan suna.

Sannu a hankali abubuwan da takarda ta ƙwace suka fara dawowa. Faifansa na 1997 ya ci kyautar Grammy. A 2004 wani kamfani, Concord, ya sayi Fantasy, ya mayar wa John kason da ya sallama a 1980. Zaentz ya mutu a 2014. Dokar Amurka tana ba marubucin tsohuwar waƙa damar karɓar haƙƙinsa na cikin ƙasar bayan shekara 56, kuma wa'adin ya fara matsowa. Matarsa Julie, wadda ya aura a 1991, ita ta ga cewa maimakon a zauna jira, gara a je a yi ciniki yanzu a kan haƙƙin na duniya baki ɗaya. Ita ta bi zancen har aka daidaita a 2023. Matanmu masu karanta wannan fili, wannan naku ne: sau da yawa maigida fushi ya rufe masa ido, uwargida ce ke iya zama ta duba inda ƙofa take. Ita ce ma ta nemo masa tsohuwar jitarsa ta zamanin ƙungiya, wadda ya kyautar cikin ɓacin rai, ta mayar masa bayan shekara 44. Tsofaffin faifan dai har yanzu na kamfani ne, shi ya sa a 2025, yana shekara 80, ya sake naɗar waƙoƙin tare da 'ya'yansa biyu, Shane da Tyler.

Ku duba lissafin da kyau. Kuɗin lauya ya dawo. Kason faifai ya dawo. Haƙƙin waƙoƙi ya dawo bayan shekara 55. Har jita ta dawo. Tom ne kaɗai bai dawo ba. John ya sha faɗa daga baya cewa ya yafe wa yayansa, amma wanda ake yafe wa ba ya nan balle ya ji.

Ni a shekarun da na yi ina harkar yadi tsakanin Kano da Kwatano, yawancin haɗin jarin da na ga ya watse, ba ranar asara ya watse ba. Lokacin da ake cin garau-garau a faranti ɗaya a bayan rumfa kowa lafiya lau. Ranar da riba ta fara kauri, ranar ake fara tambayar wa ya fi wahala, wa ya kawo uwar kuɗi, wa kwastomomi suka fi sani. Kuma ba mu rubuta komai ba, saboda muna ganin neman takarda tsakanin wa da ƙane rashin yarda ne. Alhali malamanmu kullum suna tuna mana cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Inda ba a rubuta ba, zumunci ne ake jinginarwa, kuma shi ake fara rasawa in ciniki ya ɓaci.

Saboda haka ga abin da nake roƙon duk mai shirin haɗa jari, ko mai shirin sallamar yaronsa, ko yaron da ke shirin tsayawa da ƙafarsa. Duk takardar da aka miƙo maka da Faransanci ko Turanci, kada ka sa hannu a ranar, komai kunyar wanda ya miƙo. Kai ta wurin wanda ya iya karatun kuma ba ya cin abinci a hannun ɗaya ɓangaren. Kuɗin lauya na yini ɗaya bai kai na shari'ar shekara shida ba. Sannan ku zauna ku duba sunan wa ke kan takardar rumfa, da rajistar kamfani, da asusun banki, da tambarin kaya, har da lambar wayar da kwastomomi suka saba kira. Waɗannan su ne zanen atamfar, kayan da ke kan kanta turame ne kawai. Ku kuma rubuta yadda za a rabu tun ranar da ake haɗuwa, lokacin da kowa ke dariya: in ɗaya ya so fita, yaya za a yi wa kaya kuɗi, wa zai riƙe suna, wa zai bi bashin da ke waje, wa zai biya wanda ake bin shago. A kira dattawa biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa.

Kai kuma da Allah ya ba iyawa fiye da abokan haɗinka, kai ne mai zuwa sari, kai ne mai magana da dillalai, kai ne mai riƙe littafi, ka ji tsoron ranar da za su ji kamar 'yan dako ne a shagon da suka kafa da kai. Buɗe musu littafin lissafi ko ba su tambaya ba. Ka nemi shawararsu ko da ka riga ka san amsar. In yayanka ne a cikinsu, ka ba shi girmansa a gaban yara, don ba ƙaramin abu ba ne babba ya koma bayan ƙaninsa yana kallo. John Fogerty ya fi sauran ukun fasaha nesa ba kusa ba, kuma tarihi ya tabbatar masa da haka, amma bai taɓa sake yin kasuwa irin ta shekarun da suke su huɗu ba.

In kuwa an riga an ɓata, to kada a ce sai an gama lissafi za a yi sulhu. Lissafi yana iya ɗaukar shekara hamsin, mun gani. A bar wa dattawa ko kotu zancen kuɗi su yi ta bi a hankali, amma gaisuwa da zuwa suna da jana'iza kada su tsaya. Da yawa cikinmu muna zaune a ƙasar da ba tamu ba, in ciwo ya kwantar da mutum a Zango, ɗan'uwan nan da ba a magana da shi shi ne dai za a fara nema. Wanda ya san yana da wa ko ƙane da rumfa ta raba su, waya tana hannunsa.

Allah ya sa albarka a kasuwanninmu, ya bar zumunci. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.